Gurbin Gwaggo Balaraba a Bangon Famfo

A duk shekarun da na yi ina aikin fenti, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da manya suka zo duba hanyar shan iska ta bayan unguwar Kokoro. Ku da kuka shigo aiki daga baya kun tarar da ita da itatuwa da kujerun zama, amma da can kwata ce da juji. Ofishinmu ya share wurin, ya shimfiɗa hanyar ƙafa, sannan aka ce duk akwatin lantarki da ɗakin famfon da ke gefenta a yi musu zane. Lokacin ni ne shef dekip, wato shugaban masu fenti, da mutum huɗu a ƙarƙashina.

Ga yadda ƙa'idar take. A ofis ake zana hoton a takarda, shi ake kira maket. Darakta ya sa hannu, a buga hatimi, a miƙo mana, daga nan ko ɗigo ba ka isa ka ƙara ba. Akwatunan lantarki ba su ba mu ciwon kai ba, daga ganye sai mangwaro sai kwale-kwale. Ɗakin famfo ne ya zo da magana, domin maket ɗinsa hoton wata mai tuya ne zaune gaban kasko, wai don a karrama matan unguwa masu neman na kansu.

To, a jikin wannan bangon akwai mai tuya ta gaske. Gwaggo Balaraba ce, mai makala, fanken nan namu na birnin Bangi. Tun ina sa gajeren wando take zaune a wurin, kuma da kaskon nan take riƙe da jikokinta marayu. Ga shi takardar ofis ta ce kafin ranar dubawa a tashi duk masu talla daga hanyar. Za a kori mai rai ke nan a sa ta fenti a madadinta. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya.

Ina cikin wannan sai ga Alhaji Sabo, dattijon unguwa mai shagon atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar. Ya leƙa maket ɗin, ya tamke fuska, ya ce ta nan jama'a ke bi zuwa Masallacin Koudoukou, ba za a kafa musu surar ɗan Adam a hanya ba. Idan na zana, kafin fentin ya bushe an shafe shi da farar ƙasa. Na kai wa maigidana Musiye Gaston labari. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai san wani Alhaji ba, hatimi ya sani.

Washegari na zo da tef ɗin awo, na ce wa Gwaggo ta zauna yadda ta saba. Na auna ta daga kujera zuwa ɗankwali, daga gwiwar hannu zuwa gwiwar hannu.

"Kai ɗan nan, likkafani aka aiko ka ɗinka mini?"

"Gwaggo, shago zan gina miki. Ki daina motsi."

Muka zana komai na maket ɗin: rumfa, teburin ciniki, buhun fulawa, reshen mangwaro, har da hayaƙi yana tashi. Tsakiyar kuwa, daidai girman Gwaggo, na bar shi shuɗi fetal. Kullum Musiye Gaston ya zo ya tambayi ina matar, kullum ina da amsa. Yau bango ya sha ruwan sama, gobe kalar fata ta ƙare, jibi burushin fuska ya ɓata. Allah ya yafe mini, a satin nan na yi ƙaryar shekara guda. Alhaji Sabo shi ma yakan tsaya ya ƙare wa bangon kallo, ya nemi ido ko hanci ya rasa, ya wuce yana gyaɗa kai.

Ana gobe dubawa masu gadi suka tashi 'yan talla, har da Gwaggo. Na same ta a gida ta yi tagumi. Na ce da safe ta ɗaura atamfarta mafi kyau ta zo da kaskonta, in an yi faɗa ni zan ɗauka. Na riga na yi alama da alli a ƙasa, inda ƙafafun kujerarta za su tsaya.

Da hantsi tawaga ta iso: Darakta, Musiye Gaston, da wata baƙuwa daga ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin. Suna karyo kwana suka ga Gwaggo zaune ɗaram a tsakiyar zanen, rumfar fenti a kanta, hayaƙin kaskonta yana hawa kan hayaƙin bango. Musiye Gaston ya harare ni har na fara tunanin sana'ar da zan koma. Baƙuwar kuwa ta tsaya cak, ta fashe da dariya, ta shiga ɗaukar hoto. Ta ce ta zagaya garuruwa ba ta taɓa ganin zanen da ke sayar da abinci ba, dabarar wane ne?

Darakta ya gyara wuyan riga ya ce ai ofis ya daɗe yana nazarin wannan tsari. Ni dai na sunkuyar da kai, don in na ɗago dariya za ta tona ni. Baƙuwar ta tambaya ko kullum matar za ta riƙa zama a nan. Ina zai ce a'a? Ya ce ƙwarai kuwa.

Ban san Gwaggo na tsintar Faransanci ba sai ranar. Ta juya makala a mai, ta ce wa Darakta da yaren Sango, ba tare da ta ɗago ba:

"Ranka ya daɗe, na tsufa, kunnena ba ya riƙe magana. A rubuta mini."

A gaban baƙuwa aka rubuta, a kan murfin mota. Bayan kwana biyu ni ma tawa takardar ta iso, gargaɗi ne na saɓa wa maket, Musiye Gaston ya miƙo mini yana cin makala. Tana nan cikin fayil ɗina har yau, kuma ban taɓa neman a cire ta ba.

Abin da na koya shi ne, a takarda kowane bango fanko ne, amma a unguwa da wuya ka sami bangon da ba shi da mai shi. Kafin ku buɗe gwangwanin fenti, ku fara duba wanda ya jingina da wurin, ku gaishe shi. Gwaggo tana nan tana tuyarta. Ranar da ba ta fito ba, duk mai wucewa sai ya ga shuɗin gurbin nan a buɗe, kuma kafin azahar ƙofar gidanta ta cika da masu zuwa tambayar ko lafiya.