Katalis ɗin motata

Shekarun baya, lokacin ina direban haya tsakanin Kankara da Sabuwa, abokina da muka taso tare ya bar noma ya shiga sayen katalis. Wani abu ne kamar saƙar zuma a cikin tukunyar salansar mota, shi ke tace hayaƙi. Yana bin garejoji yana saye, mu kuwa muna tsokanarsa da ɗan gwangwan.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya yi sabon babur, ya rufa wa gidansu kwano, majalisarmu ta koma tasa. Da can ni ake jira in kawo labarin hanya. Yanzu shi ake zagayewa yana bayanin yadda ake daka abin ya zama gari, a kai ƙasar waje a narka a wuta, a wanke da asid, har a tace wani farin ƙarfe wai shi filatinam, wanda ya fi zinariya wuyar samu. Har mahaifiyata sai da ta ce, "Yaron nan Allah Ya yi mai kai." Wallahi abin ya tsaya mini a wuya.

Ana cikin haka na sayi 'yar tsohuwar mota ta kaina. Sai na ƙudura in ciro nata katalis ɗin in kai Kano da hannuna in sayar, in dawo in ba da labarin a gabansa. Don kada ya ji, na tafi har Faskari wajen wani mai walda. Ya yanke tukunyar, ya tsaga, ya leƙa, sannan ya dube ni.

"Direba, mi kake nema a nan? Ai fanko ce, an daɗe da kwashewa."

Ya liƙe ta iya iyawarsa, amma motar ta koma ruri kamar injin niƙa. Ina shiga tashar Kankara ran kasuwa abokina ya jiyo ta, ya zo ya duƙa ya ga sabuwar walda.

"Haba mutumina, da ka tambaye ni," in ji shi. "Ai ni na sayi na motag ga, wajen Alhajin da ya saida maka ita."

Mun daɗe da wuce wannan, shi ne ma ya samo mini wata salansar. Amma kada in yi muku ƙarya, ba ɓarnar ce ta fi ƙona mini rai ba. Abin da na kasa haɗiyewa har yau shi ne, ko arzikin da ke ƙarƙashin kujerata ma sai da ya riga ni isa wurin.