Barkar Haihuwa a Birchi

Ana sallame Asuba muka bar Dutsin-Ma, ni da maigidana, da turmin atamfa da sabulun barka. Matar ƙanena Sagiru ce ta haihu a Birchi, shi kuma ya dawo daga haƙar zinari a Mali ba lafiya. Kuɗin mota ya ninka na bara, kujerar mutum uku kuwa mu biyar aka cusa, har da wata tsohuwa mai zakara da ya yi ta hararata. Kowa idonsa na kan daji, in an ga shingen jami'an tsaro sai a sauke ajiyar zuciya. A Kurfi muka karya da koko da ƙosai, ƙosan duk ya ƙanƙance, sannan muka hau babur.

Mun tarar da gida yana ƙamshin kunun kanwa, tukunyar wankan jego na tafasa. Hassana mai jegon tana ɗaki da jaririnta a nono, fes da su. Sagiru ne ban gane ba. Wanda yake ɗaga buhun wake shi kaɗai, yau zanin gado ya fi shi kauri. Innarmu ta ce jifa aka yi masa.

Da muka keɓe ya faɗa mini gaskiya. Ƙanjamau ce, a can aka auna shi. Lafiya lau ya tafi, don an yi musu gwaji kafin aure. A ramin zinarin ne wani mai magani yake bin su da allurar kashe gajiya, sirinji ɗaya ga ɗaki guda. Bai san yana ɗauke da ita ba ya zo Babbar Sallah, a zuwan ne aka samu cikin nan.

"Yaya, don Allah ki rufa mini asiri," in ji shi.

Nan take na tuna yaron nan nono yake sha, kuma in aka yi sauri akwai maganin da ke kare jarirai. Na ce wa Inna zan kai su asibitin Kurfi rigakafi. Ta ce, "Mai jego ta fita kafin arba'in? Ba a gidana ba." Na koma wajen Sagiru ko zai sa baki, ya juya fuska bango.

Da la'asar, lokacin sallama, na shiga ɗakin Hassana na saki labule na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta ce, "Yaya, ni fa ko Katsina ban taɓa zuwa ba."

Ta jawo mayafi, ta goya ɗanta, ta bi bayanmu Inna na salati a tsakar gida.

Yanzu suna ɗakina a Dutsin-Ma, an auna Hassana an tarar ta ɗauka, an ɗora su a kan magani, sakamakon yaron sai nan gaba za a tabbatar. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, wanda ya tafi nema ba shi kaɗai ya tafi ba. Sagiru ya daina ɗaukar wayata, kuma na yafe masa wannan.