Aiken Hajiya da Katunan Misis Odela

Manyan jarrabawar ɗan Adam uku ne: yaƙi, annoba, da aiken uwa. Biyun farko mutum kan iya gudu ya tsira. Ni na ukun ne ya same ni a 1995, lokacin da kwalejin da nake koyarwa a Zariya ta tura ni kwas na wata biyu a Washington. Ranar da na je sallama, mahaifiyarmu Hajiya ba ta ce in sayo mata ko tsinke ba. Cewa ta yi, "Isiyaku, ƙanenka Habibu ya gama karatun nan tun bara. Ka je inda yake, ka zo min da ranar dawowarsa. Rana nake so, ba 'ya kusa' ba."

Asabar: Washington zuwa Greensboro

Na bar masauki ƙarfe biyar saura kwata, bayan na yi sallar asuba. Bas ta tashi biyar da minti arba'in, tikiti dala sittin zuwa da dawowa. Direbar mace ce, ƙatuwa, da hular aiki. Na gaishe ta da Turancin da nake koya wa ɗalibai, mai cikakken nahawu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Shiga ka zauna, zuma." Shekarata arba'in da biyu a duniya, babu wanda ya taɓa kira na zuma, har mai ɗakina.

Tafiyar mil ɗari uku ce da 'yan kai. Tun daga tasha na sa fasfo a aljihun gaba, na shirya fuskar da ake yi wa masu shinge. Har muka isa babu shinge ko ɗaya, babu wanda ya ce in buɗe jaka. Sai na ji kamar an raina ni. Mun tsaya Richmond ƙarfe takwas, minti arba'in. Duk abincin da na nuna na tambayi abin da ke ciki, sai mai sayarwa ta ambaci dabbar da ba a ambata, don haka na karya da gyaɗa da lemo. Durham sha biyu da rabi, Greensboro biyu saura minti goma.

Habibu na jira na da wata tsohuwar mota da ƙofarta ba ta buɗuwa sai daga waje. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar tasha, Turawa na kewaye mu. Da muka hau titi na ce, "To Habibu, Hajiya na tambaya, yaushe?"

"Yaya, ka ga wancan kantin? Fitila kawai ake sayarwa a ciki."

Wannan titin Wendover ke nan, inda kanti ɗaya ya kai girman filin ƙwallon kwalejinmu. Sau uku na maimaita tambayar, sau uku aka nuna min kanti. Kafin mu isa gida na san inda ake sayar da katifa, taya da abincin kyanwa, amma ban san ranar dawowar ƙanena ba.

Masaukinsa ɗaki ne a saman bene a gabashin gari, unguwar baƙaƙen fata, kusa da jami'a. Mai gidan Misis Odela ce, tsohuwa mai shekara saba'in, wadda ta yi ritaya daga dafa wa 'yan firamare abinci. Kafin in gama tsara gaisuwa ta ɗora min faranti: kaza, masara, da wani ganye mai kama da zogale wanda ya sha wuta. Ta ce kada in ji tsoro, shekara huɗu ke nan tukunyar Habibu daban take.

Lahadi: gidan Alhaji Mumuni

Da hantsi Habibu ya ce akwai dattijon da ya kamata in gaisar. Minti ashirin a mota, wani gidan haya a bayan kantunan Wendover. Alhaji Mumuni mutumin zangon Kumasi ne, yana aiki a wani babban sito. Hausarsa irin ta can ce, mai daɗi, da yaren Twi na mutanen can a ciki kamar yaji.

"Akwaaba, sannu da zuwa, Malam! Fati, kawo wa baƙo ruwa. Habibu, kai ba baƙo ba ne, tashi ka ɗauko kujera."

'Yarsa Fati, wadda ke aiki a kantin magani, ta kawo wake da shinkafa da wani baƙin yaji da suke kira shito. Na ci faranti biyu. Na lura Habibu ya san inda cokula suke. Na lura ya zubar da ruwa sau biyu. Na yanke hukunci, a matsayina na mai nazarin halayen ɗalibai, cewa yaron nan karatu ya taɓa masa jijiyoyin hannu.

Litinin: teburin kicin

Da safe Habibu ya daɗe a ƙasa, wai yana gyara wa tsohuwa famfo. Bayan la'asar ta kira mu shan shayi mai ƙanƙara. Sai ga ta da wani ƙunshi a ƙyallen alharini. Ta warware, katunan duba ne manya masu hotuna, waɗanda suke kira tarot. Ta ce gadon kakarta ne, kuma in ban gaya wa fastonta ba, ita ma ba za ta gaya wa limamina ba.

Na juya ga Habibu da Hausa. "Kai, bugun ƙasa ne fa wannan, sai dai an yi masa fenti."

"Yaya, kwana uku kana cin kazarta."

Nan ya kama ni. Ni da na sha tsayawa gaban aji ina bayanin haramcin zuwa wurin masu duba, ga ni baƙo, da maiƙon kazar mutane a hannu. Na ce mata, "Mama, ni ban yarda da wannan ba. Gobe ta Allah ce."

"Ni ma haka nake cewa kowace Lahadi," in ji ta. "Ba gobe zan duba ba. Yau zan duba. Kai dai kalli hotuna."

Na yi istigfari a zuci, na ce kallon hoto dai na yi shi a littafin firamare. Ta zaro biyar daga sama, ta jera su a kife: ɗaya a tsakiya, ɗaya hagu, ɗaya ƙasa, ɗaya sama, ɗaya dama. Na tsakiya, ta ce, shi ne damuwar da ke cikin gida. Ta buɗe: mutum rataye da ƙafa ɗaya, kai a ƙasa.

"Akwai wanda magana ta maƙale masa. Ba ya iya gaba, ba ya iya baya."

Habibu ya duƙufa yana nazarin ƙanƙarar da ke cikin kofinsa.

Na hagu, abin da ya wuce: tsoho da fitila shi kaɗai a kan dutse. Shekarun karatu, in ji ta, da kaɗaici. Na ƙasa, abin da ke ɓoye: saurayi da budurwa suna miƙa wa juna kofuna.

"Wannan yarinya ta iya girki," in ji Misis Odela. "Da yaji."

Na duba katin sosai, ban ga tukunya ba. Amma sai cokulan jiya suka faɗo min a rai, da ruwan da aka zubar sau biyu. Na sama, mai yanke hukunci: mace a kan karaga, da kambi. Wannan ban jira fassara ba, ko ɗankwali aka ɗaura mata Hajiya ce. Saura na dama, hanyar fita. Ta buɗe: wani mutum da ƙunshi a sanda, ya ɗaga hanci sama, ƙafarsa a bakin rami, ɗan kare na haushi a bayansa.

"Wannan fa?"

"Matafiyi. Shi zai ɗauki kayan ya kai wa mai karaga. Bai san nauyinsu ba, shi ya sa yake murmushi."

"Yaya sunansa?"

"Wawa."

Na ja Habibu muka fita baranda. Na ce, "Fati ce?" Ya dubi takalminsa. "Kuma ba yanzu za ka dawo ba?"

"Sun ba ni aikin shekara biyu a jami'a, Yaya. Ita ma lokacin za ta gama kwas ɗinta. Sai mu taho tare."

"Shi ne ka kasa faɗa, ka yi ta nuna min kantin katifa?"

"Da wane baki, Yaya? A gida da Kawu zan aika. Nan ba ni da Kawu."

Gaskiyarsa. A wurinmu yaro ba ya duban yayansa ya ce ina son aure, sai ya nemi mai kai magana. Ya tsallake teku, ya yi digiri uku, kunyar tana nan yadda ya tafi da ita.

Talata: komawa

Da safe na sa babbar riga na koma gidan Alhaji Mumuni, wannan karon ba don shito ba. Na ce ba ni da ikon cewa komai sai na je gida, amma na ga abin da na gani. Ya yi dariya ya ce, "Malam, mu tun shekaranjiya muke jira ka gani." Bas ta tashi sha ɗaya da kwata, na isa Washington bakwai da rabi na yamma.

Zariya

Bayan mako uku na sauka Kano, na shiga motar Zariya, shinge huɗu a hanya, hankalina ya kwanta. Hajiya ba ta bari na cire takalmi ba.

"Ina ranar?"

Na ce shekara biyu ne, kuma ba shi kaɗai zai zo ba. Na kwashe labarin Fati da mahaifinta na faɗa mata. Na tsallake katuna. Ta ƙura min ido har na fara tuna hoton ramin nan.

"Shi ya gaya maka da bakinsa?"

"A'a, Hajiya. Aike ya yi."

"To bai lalace ba. Kira min Kawunku."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Mumuni da iyalinsa, da direbar da ta kira ni zuma, da Misis Odela, wadda na yi wata shida ina mamakin yadda takarda mai fenti ta san sirrin gidanmu. Bayan ɗaurin aure ta aiko min da hoton ango da amarya, da 'yar wasiƙa. Ta ce famfonta bai taɓa lalacewa ba. A al'ada sau bakwai take gauraya katunan kafin ta buɗe, amma ran nan Habibu ne ya zauna awa guda ya zaɓi biyar ɗin ya ɗora a sama. Katin Wawa, in ji ta, shi ya fara cirewa.