Ranar da Empi Ta Yi Huɗa a Gonar Kawu

Ni tun tasowata duk abin da yake magana alhali ba shi da baki yana ɗaure mini kai. Ba wanda ya koya mini komai. In na ga matacciyar rediyo ko tocila a bola sai na ɗauko, na buɗe, na zauna ina kallon cikinta. To shekarar da na sayar da ɗan waken da na noma a gefen gonarmu, ban tsaya ko'ina ba sai kasuwar Zakirai, wajen wani mai tebur da ke sayar da caja da batira, na sayi empi.

In ba ka santa ba, 'yar na'urar jin waƙa ce, ba ta cika tafin hannu ba. Tawa shuɗiya ce, da 'yar sifika a gaba da ramin saka memori a gefe. Amma abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne wani ɗan jan madanni a ƙasa. Kana danna shi sai ta ɗauki duk sautin da ke kusa, ta ajiye a cikin cikinta, ba a memori ba. Wallahi ranar da na fara jin muryata ta fito daga cikinta sai da tsigar jikina ta tashi. Daga nan ba abin da ban ɗauka ba: dakan Inna, carar zakaranmu, rigimar yara a bakin rijiya, har minsharin Yayana da yake rantsuwa ba ya yi.

A cikin abubuwan da na ɗauka akwai huɗar Kawu. Kawu ƙanin Inna ne, yana da shanun huɗa biyu, fari da ja. Kowa a ƙauyenmu in zai yi huɗa sai an sami mai jan igiya a gaba, mai garma a baya. Shi Kawu ba ya bukatar kowa. Tun suna maruƙa yake kiwonsu, da baki kawai yake tafiyar da su. Yana riƙe da garma yana hira da su ƙasa-ƙasa: «Taka, ja. Taka. Sannu, fari, haka nake so. Hoo, juya.» Suna ji suna yi. Wata damina na bi shi a baya da empi a hannu, na ɗauki zuwa da dawowa da yawa, yana ta korata wai ina taka masa kunya.

Da rani empin ta fara halinta. Tana cikin waƙa, in na ɗan girgiza ta sai ta ɗauke ɗif. In na bubbuga ta a tafin hannu ta dawo, in ta ga dama. Na mayar wa mai tebur, na nuna masa wani rubutu a jikin kwalin da wani ɗan makaranta ya ce mini garanti ne. Ya yi dariya.

«Samari, ba a gabanka na gwada ta ba? Ta yi ko ba ta yi ba?»

Na ce ta yi.

«To garantin kenan.»

Akwai lambar waya a bayan kwalin. Na ari wayar Yaya na kira, wata mata ta ce lambar ba ta aiki. Na sake kira, ita ce dai, da murya iri ɗaya, ko gajiya ba ta yi. Sai na haƙura, na ci gaba da bubbuga abata.

Ana gab da faɗuwar damina ciwon gwaiwar da Kawu ya daɗe yana ɓoyewa ya kayar da shi. Aka kai shi asibiti a birni aka yi masa aiki. Yana can kwance ruwa ya sauka, ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙu har ciki. Gonar gyaɗarsa ita ce abincin gidansa, 'ya'yansa duk mata ne ƙanana, irin ma an ɓare yana buhu. Kuma ka san yadda ƙasarmu take, yashi ce, in ba a huɗa ta da danshinta ba rana tana bugawa shi kenan, sai a zauna jiran wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa. Duk mai shanu a garin yana kan tasa gonar, wasu ma an yi musu layi. Inna ta ce da ni da Yaya mu je mu yi wa ɗan'uwanta.

Muka ɗaura wa shanun karkiya lafiya lau, muka kai su gona. Yaya ya kama garma, ni na kama igiya. Sai suka tsaya. Na ja, Yaya ya yi tsawa, ya yi fito, ya yi lallashi. Jan ya ɗan taka sai farin ya ja baya, karkiya ta karkace. Da Yaya ya ɗaga tsumagiya, farin kawai ya durƙusa ya kwanta a cikin gona yana tuƙa, yana kallonmu kamar mu ne shanun. Muka ce to a kira Kawu a waya ya yi musu magana. Sabis a gonar sai ka hau bishiya, kuma da muka same shi, ɗinkin da ke cikinsa ko tari ba ya barinsa ya yi, balle ɗaga murya. Abin da ya iya cewa kawai: «Kada ku doke su.»

Muna komowa gida, gefen kunyoyin mutane har ya fara yin fari-fari, sai na tuna. Na tsaya cak a hanya na ce, «Yaya, ai Kawu yana aljihuna.»

Ya dube ni. «Rana ce ta buge ka?»

Na ciro empi na danna. Shiru. Na bubbuga, ta kawo wuta, muryar Kawu ta ce «Taka, ja», ta sake ɗaukewa. A ranar ta ƙi kai ko kunya guda ba ta mutu ba.

Allah Ya sa washegari kasuwa take ci. Da sassafe na hau keke. Na gaya wa mai tebur komai, har kwanciyar farin sa. Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabcinsa mai sayar da takalma ya zo ya ji. Amma da ya gama sai ya tausaya mini, ya ciro wata sabuwa fil a kwali ya ce in ba shi tawa in tafi da ita. Abin da na yi ta roƙo da rani ya hana ni, yau ga shi yana miƙo mini. Na ce ai muryar a cikin wannan take.

«To ni wannan ban san shi ba. Mu sayarwa muke, ba mu muka ƙera ba. Wanda ya sayar mini ma a birni bai san cikinta ba.»

Ya tura ni wajen mai gyaran waya. Shi kuma ya jona ta da kwamfutarsa, kwamfuta ta ƙi ganinta. Ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini. «Irin waɗannan ba a gyara su, Malam. In ta mutu yara ake ba wa su yi mota da ita.»

Na dawo gida kafin hantsi ya yi zafi, na shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, na yi bismilla na sa reza na ɓalle bayanta. Allahu Akbar! Na buɗe rediyo da yawa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Wani ɗan koren allo ne, an zana masa siraran hanyoyi suna shiga suna fita, kamar ka tsaya a kan dam ɗin Watari kana hangen fangalolin 'yan noman rani da magudanansu. A tsakiya ga wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar wake ba. Na daɗe ina kallonsa. Wato a nan Kawu yake, da zakaranmu, da turmin Inna, duk a cikin abin da kaza za ta haɗiye ba ta sani ba. Har yau in na tuna sai in ce tsarki ya tabbata ga wanda Ya ba ɗan Adam wannan basira.

Sai na ga ciwon. Wata 'yar jar waya da ta taso daga batir ta saki, taɓawa kawai take yi, shi ya sa girgiza take kashe ta. Abin da ya gagari mai tebur da matar cikin waya kenan. Na kankaro dalma daga tsohuwar rediyo, na soka ƙusa a kara, na tura bakinta cikin garwashin murhun Inna har ta yi ja. Na ɗiga dalmar a kan wayar. Inna tana tsaye a kaina tana cewa, «Kai dai kada ka ƙone mini ɗan'uwa.» Na mayar da murfi, na ɗaure da robar tayar keke, na kunna, na girgiza ta da ƙarfi. Kawu bai yi shiru ba.

Da la'asar sakaliya muka koma gona. Na sa ta ta riƙa maimaitawa, na ƙure murya, na jefa a aljihun gaban rigata, na tsaya kusa da Yaya a bayan garma, daidai inda Kawu yake tsayawa. Muryar tana fita farin ya ɗaga kunnuwa. Jan ya waiwayo yana neman mai ita. Sai kawai suka sunkuyar da wuya suka taka, garma ta nutse, ƙasa ta tsage biyu, baƙa, mai danshi, tana ƙamshi. Yaya yana tafe yana cewa «La ilaha illallahu» bai ma san yana faɗa ba.

Amma ba mu kai ko'ina ba Kawu ya ce «Hoo, juya», shanu suka juya a tsakiyar gona. Sai na gane kuskurenmu. Mun fara daga bakin hanya, shi kuwa Kawu kullum daga gindin ɗorawa yake farawa, inda gonar ta fi tsukewa, kuma daga nan na ɗauka. Muka koma gindin ɗorawa na sako daga farko. To a nan ne na ga abin da ba zan manta ba. Shanun da muryar suke auna takunsu. Muna isa jikin gambar da ke kan iyaka, hancin farin yana taɓa ciyawa, sai ka ji «Hoo, juya». Mu dawo, muna kaiwa ɗaya iyakar, «Hoo, juya». Mutumin da ke kwance a birni da ɗinki a ciki, muryarsa ta bara tana huɗa gonarsa ta bana. Masu wucewa a kan keke suka riƙa tsayawa, wani dattijo har da yi wa Kawu barka da sallamowa kafin ya lura ba ya wurin.

Empi kuwa ba ta bar halinta duka ba. Garma ta ci karo da wani kututture, na yi tuntuɓe, madanni ya dannu, sai ga kiɗan biki ya ɓarke daga ƙirjina. Shanu suka zabura suka yi gefe da garma.

«Kai! Kamun amarya muka zo ko huɗa?» in ji Yaya.

Na lalubo Kawu da sauri, suka dawo hanya, amma kunyar nan ta riga ta yi gwiwa.

Washegari da safe muka ɗora. Inda gonar ta buɗe, in ya ce juya kafin iyaka sai in toshe sifikar da hannu har mu isa. Rana ta take, saura ɗan yanki a kusurwa, sai na ji ƙirjina ya yi zafi, ga warin ƙonewar roba. Na ciro ta, batir ya kumbura har ya ɗaga murfi. Na danna, na bubbuga, na hura mata iska. Ta tafi kenan. Shanu suka tsaya.

Yaya ya gwada: «Taka, ja.» Ko kunne ba su kaɗa ba.

Ni kuwa wajen gwaji da gyara na saurari abin nan har na haddace shi, kuma na lura da wani abu da ko Kawu ban jin ya san yana yi. Kafin kowace «taka» sai ya yi ɗan gyaran murya, ya ƙyasta harshe, sannan maganar ta fito a hankali kamar mai lallashin jariri. Na matsa bayan garma, na yi gyaran muryar, na ƙyasta harshe, na sassauta.

«Taka, ja. Sannu, fari.»

Farin ya juyo da kunne ɗaya. Ya daɗe a haka. Sai ya sunkuyar da wuya.

A ranar da yamma matan gidan Kawu suka fito aka shuka gyaɗa, ƙasa da sauran sanyinta.

Da aka sallamo Kawu gyaɗa har ta yi kunne. Ya dogara sanda muka raka shi gona, yana tafe a hankali yana bin kunyoyi da ido. Sai da ya zo kan mai gwiwar nan ya tsaya ya nuna ta da sanda.

«Duk sauran na gane aikina. Wannan ta wace ce?»

Yaya ya ce, «Ta amarya ce, Kawu.»

Na ciro empin na sa masa a hannu, da robarta da kumburinta. Ya jujjuya ta, ya kara a kunne, ya miƙo mini ya ce in adana ta, ta yi masa wahala. Tana nan a akwatina. Wani lokaci nakan buɗe bayanta in kalli ɗan baƙin abin nan, don ni dai na san huɗar bara tana ciki.