Kafar da Ke Bangon Ɗakin Inna

A bakin masallacin unguwarmu a Gusau na fara jin maganar, ina laluben takalmina bayan sallar la'asar. Wani maƙwabcina, wanda ba ya raina abin tsokana, ya dafa kafaɗata ya ce ashe na waye, har na kai tsohuwa gidan gajiyayyu. Na yi dariya don na ɗauka wasa ne. Da na ga dattawa biyu da ke gefe sun sunkuyar da kai ba su taya ni dariyar ba, sai na gane ba wasa ba ne.

Tsohuwar da yake nufi Inna ce, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, "kai wanga" take ce mini ko a gaban ɗalibaina ne. Da zaman ƙauyenmu na wajen 'Yandoto ya gagara, aka koma kwana da ido ɗaya, na je Tsafe na ɗauko ta. Na gina mata ɗaki a gidana, ginin bulo da siminti, rufin kwano, ƙasa tayil, ga fanka, ga banɗaki a ciki. Duk baƙon da ya zo sai na zaga da shi ya gani. Har gobe ina cewa ɗan da ya yi wa uwarsa wannan bai yi abin kunya ba.

Gaskiya ne da bazara ɗakin kan koma tanda, fankar kuwa ado ce in ba a kawo wuta ba. Nakan tarar da Inna ta jiƙa zane ta yafa. Amma ba ta taɓa ce mini uffan ba. Da safe ni in tafi makarantar da nake koyarwa, matata ta tafi wurin aikinta, yara su tafi karatu, mu kulle ƙofar gida ta waje saboda halin da ake ciki. Sai la'asar gidan yake sake cika.

Inna tana da aminiya tun suna 'yan mata, muna ce mata Gwaggo, aure ya kai ta Bungudu. Da mijin Gwaggo ya rasu, Inna ta ce za ta je ta taya ta zaman takaba, ni na kai ta da kaina. Takaba ta ƙare, Inna ba ta dawo ba. Kullum na buga waya sai ta ce lafiya lau, tana nan tafe. Ina zaune ina jiran ranar dawowa, ashe gari duk ya san abin da ni ban sani ba.

Washegarin maganar masallaci na kama hanyar Bungudu, raina a ɓace. Aka yi mini kwatance zuwa bayan gari, ta hanyar Rawayya, wani fili da mijin Gwaggo ya bar mata. Ina sauka na tsaya turus. Ɗakuna huɗu ne a jere, manne da juna, ginin ƙasa, sabon yaɓe, inuwar darbejiya ta rufe su ta yamma. Ga faifan sola guda ɗaya a kan rufi. Ga tsofaffin mata uku a tabarma suna ɓarar gyaɗa, ta huɗunsu kuwa, wadda ta ɗaura ɗankwali a karkace tana ba da labari har da tafa hannu, uwata ce. Ni ban san Inna tana dariya haƙoranta a waje ba sai ranar.

Na durƙusa na gaishe su. Gwaggo ce ta yi mini bayani, don Inna ta kawar da kai kamar ba ta san da zuwana ba. Sauran biyun su ma gudun tashin hankali ya raba su da garuruwansu, ɗaya daga wajen Ruwan Bore, ɗayar matar makiyayi ce da aka kore musu shanu. Kowacce ta kawo abin da take da shi. Inna ta sayar da tumakinta da ke kiwo a hannun wani ɗan'uwanmu, ba tare da an gaya mini ba. Suka kira maginin ƙasa, suka zauna a kansa, su ne masu cewa a yi kaza, a bar kaza.

Na ce ina son ganin ɗakin. Rana tsaka ce, rigata ta jiƙe sharkaf, amma ina sa ƙafa ciki sanyi ya buge ni kamar na leƙa randa. Kaurin bangon ya kai kamu guda. Rufin azara ne da ƙasa, aka ɗora kwano daga sama da ɗan tazara saboda damina. Taga biyu ƙanana suna kallon juna can sama, iska na ratsawa. Babu dokin ƙofar da tsohuwa za ta yi tuntuɓe da shi. Ƙwan lantarki ɗaya, gado ɗaya, buta da dardumar salla. Sanyin nan ya ƙara mini haushi, don na so in sami abin kushewa.

Sai kuwa na samu. A jikin bangon da ya raba ɗakinta da na Gwaggo, daidai kan gado, akwai wata kafa, rami ne da hannu zai shige har gwiwar hannu, ana hango hasken ɗayan ɗakin. Na fito ina faɗa. Na ce maginin nan macuci ne, ya bar aiki a buɗe, ta nan ɓera zai shigo, ta nan kunama, ko maciji ma. Na ce yau za a toshe ta, kuma in an gama Inna ta haɗa kayanta, don ba zan zauna ana nuna ni da baki a Gusau ba, wai ina raye uwata na gidan gajiyayyu.

Inna ta bari na gama tsaf. Sannan ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta dube ni, abin da ba ta saba yi ba.

"Kai wanga, mu munka ce a bar ta. Ko wane ɗaki akwai irinta. Da asuba ta nan muka kiran juna, wadda ba ta amsa ba a sa hannu a taɓa ta. Ɗakinka ba shi da laihi, Allah shi yi ma albarka. Amma in na mutu can da hantsi, sai la'asar za a sani."

Na zauna a ƙasa. Watanni tana kwance a ɗakin nan mai tayil, ƙofa a kulle, wannan ne abin da take tunani, ni kuwa ina zagawa da baƙi. Na koma Gusau ni kaɗai, kuma na sha baƙar magana a unguwa har na gaji da kare kaina na bari.

Inna ta yi damina biyu a ɗakin nata na Bungudu. Duk Juma'a muna zuwa da yara, su yi ta wasan leƙen juna ta kafar nan har Gwaggo ta kore su. Wata safiya ina dawowa daga masallaci waya ta yi ƙara. Gwaggo ce. Ta ce ta kira Inna ba ta amsa ba, sai ta zura hannu ta kamo nata, da ɗuminsa. Ta yi mata kalmar shahada ta cikin kafar, Inna ta amsa a hankali, kafin sauran su zagayo ta ƙofa ta cika. Na isa Bungudu rana ba ta gama fitowa ba.

Bayan an share makoki na shiga kwashe kayanta. Bakin kafar ya yi sulɓi, ya yi duhu saboda shigar hannu. Na fito na ce wa Gwaggo zan sa kwaɗo a ƙofar, ɗakin ya zauna haka, ba na son kowa ya kwanta inda Inna ta kwanta. Gwaggo ta dubi kwaɗon a hannuna.

"To ɗana," ta ce, "in ka rufe shi, gobe da asuba wa za ya taɓa ni?"

Na mayar da kwaɗon aljihu. Kafin sati ya zagayo wata tsohuwa daga wajen Tsafe ta shigo da ƙullin kayanta, ni na taya ta gyara gadon, na matsar da shi daidai kafar.