Ranar da Aka Yi wa Wayoyin Injiniya Kitso

Tun ranar da jami'a ta ɗauke ta karatun injiniyan lantarki sunanta na gaskiya ya bi ruwa. Kowa sai Injiniya. Ko Inna da ta haife ta, in za ta aike ta, cewa take, "Injiniya, miƙo min bokiti." Yarinyar da a lokacin in aka ce ta canja ƙwan fitila sai ta yi addu'a, ta runtse ido ɗaya, ta yi sallama da jama'ar gida.

Dangi kuwa ba su ji kalmar karatu ba, lantarki kawai suka ji. Kafin ta dawo hutun farko ɗakinta ya zama asibiti. Ga dutsen guga da ya daina zafi tun ba a haife ta ba, ga tocila marar kai, ga injin markaɗe mai warin ƙauri, ga cajar waya guntu-guntu kamar an kwaso su daga filin daga. Kawu, ƙanen Inna, shi ya buɗe fage da fankarsa mai fiffike biyu da rabi, wadda in aka kunna ta sai ta yi tari ta juya wa mutum baya. Kaka kuma ta kawo rediyon marigayi mijinta, ta ɗora a kan akwatin Injiniya, ta lulluɓe shi da mayafi kamar mai zazzaɓi.

"Kawu, ba gyaran fanka ake koya mana ba," in ji Injiniya.

"To me ake koya muku?"

"Lissafi."

"Lissafi? Wutar fa?"

"Sai gaba."

"To ita ma fankar ta jira gaba." Ya kaɗe rigarsa ya fita.

Gaskiya ta faɗa. Lissafi suka yi ta ci, wani irin lissafi da babu lamba a cikinsa sai alamomi masu wutsiya, kamar tsutsa ta faɗa tawada ta fito tana neman hanyar gida. Ta rame har tabaraunta ya fi fuskarta faɗi. Ta san yadda wuta ke tafiya daga tasha zuwa birni, ta san abin da ke sa ta gajiya a hanya, tana iya cika allo da bayaninsa har alli ya ƙare. Amma duk wannan bai hana ba, da zarar an ɗauke wuta, gidan gaba ɗaya zai ɗauka da murya ɗaya: "Injiniya, an ɗauke!" Sai ka ce a jakarta take. In aka dawo da ita kuma ba mai cewa sannu.

Ta yi bayani har maƙogwaronta ya bushe. Ta yi fushi. Ta taɓa kwashe marasa lafiyan nan duka ta jibge a ƙofar ɗaki, washegari ta tarar an mayar da su ciki, an ƙara da hitar ruwa.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya ƙera wani abu da hannunsa, ya kawo gaban malamai ya nuna yana aiki. Ita ta zaɓi na'urar da ke yanke wuta in ta zo da ƙarfi fiye da kima, don kada kayan gida su ƙone. Wanda ya ga ɗakinta ya san inda ta samo dabarar. Furofesan da ke duba aikinta, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya faɗa musu ƙarara: wanda na'urarsa ta ƙi aiki ranar gwaji, ya dawo baɗi. A wurin Injiniya baɗi na nufin wata shekarar cur a ɗaki ɗaya da fankar Kawu.

A gida ta haɗa abin, don ɗakin gwaje-gwaje na makaranta ya cika, kowa na satar wayar ɗan'uwansa. Wani farin allo ne ƙarami mai ramuka kamar rariya, an soka masa wayoyi ja da baƙi da rawaya, wannan ta hau kan waccan, waccan ta bi ta ƙarƙashin wata, a hargitse kamar sumar wanda ya yi faɗa da mataji. Amma kowace waya da raminta, kuma Injiniya kaɗai ta san dalili. Ana gobe gwaji abin ya yi aiki. Ta yi tsalle har ta taka dutsen guga.

Da safe ta fita karɓo rahotonta daga shagon masu ɗaure takardu. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Inna, don Allah kada kowa ya taɓa teburin nan."

"Wa zai taɓa?" in ji Inna.

Ko kwanar layi Injiniya ba ta sha ba Gwaggo ta yi sallama, yayar babanta, mai kitson da duk unguwa ke layi a gabanta. Ta zo yi wa 'yarta fatan alheri. Inna ta ja ta ɗaki don ta nuna mata abin alfahari. Suka tsaya a kan teburin suna kallon allon.

"Yaya, haka za ta kai shi gaban manyan mutane?" Inna ta ce a hankali. "Su ce ba ta da uwa?"

Gwaggo ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga. "Ni dai kai bai taɓa fita daga gabana a haka ba. Riƙe min nan."

Ba su taɓa teburin ba, wannan kam a yi musu adalci. Allon suka ɗauka suka koma tabarma. Gwaggo ta zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ja ta bi ja, baƙa ta bi baƙa, ta raba uku-uku ta kitse su tsaf, ta jera layi-layi, ta cusa bakin kowace a ramin da ya fi dacewa da ido. Wallahi abin ya yi kyau. In da kyau ake dubawa, da an ba ta digirin a wurin.

Sai ga Kawu, wanda ya zo kai Injiniya makaranta a babur ɗinsa. Ya duba ya jinjina kai. "Yanzu ya zama aikin injiniya. Amma a gwada, kada yarinya ta je ta ji kunya."

Ya soka a soket.

Maƙwabta sun ce sun ɗauka tayar mota ce ta fashe. Injiniya ta shigo da rahotonta a hammata ta tarar da hayaƙi na fita ta tagarta, Kawu na fifita da hularsa, Inna na salati, Gwaggo na tsaye ta riƙe ƙugu.

Ta kalli allon. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake kallo.

"Wa ya yi wa aikina kitso?"

"Ba sai kin gode ba," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, waya ce! Waya! Ba gashi ba ne!"

"To ai shi ya sa na sha wuya, ba ta lanƙwasuwa."

"Inna, ban ce kada a taɓa ba?"

"Teburi kika ce."

"Kawu, kai kuma wa ya aike ka?"

"Ni fa taimako na yi. Gara ya fashe a gida da ya fashe a gaban mutane."

Ta ɗaga kai sama kamar mai neman ƙofar fita a silin. Sannan ta ɗauki mitar awonta ta hau bin abin gaɓa-gaɓa. Wani ƙaramin abu mai ƙafafu kamar kyankyaso ya ƙone, amma tana da wani a aljihun jaka. Ƙaramar taransifomar da ke rage ƙarfin wutar kafin ta shiga allon ita ce ta gasu ƙurmus, kuma ba ta da wata. Shagon da ke sayar da irinta yana can ƙarshen gari, mai shi kuma sai ya ga dama yake buɗewa. Rana tana ta ɗagawa.

Idonta ya sauka a kan tulin marasa lafiya. Guga ba ta da ita. Tocila ba ta da ita. Ta ɗaga mayafin da ke kan akwati.

"Ajiye min mijina," in ji Kaka daga bakin ƙofa. Hayaniya ce ta fito da ita.

"Kaka, abu ɗaya zan ara a cikinsa."

"Shekara da shekaru yana kwance a ɗakinki ko sannu ba ki ce masa ba. Yau da kike da buƙata kin san shi?"

"In ban samu ba sai baɗi, Kaka."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon rediyon. Ta matso ta shafa gefensa inda hannun marigayi ya cinye fenti. "Ɗauki, 'yar nema. Amma ki dawo min da muryarsa."

"Na yi alkawari."

Nan Injiniya ta zama soja. Ta kwance bayan rediyon ta ciro taransifomar, ta auna ta ga da ranta. Ta sa Gwaggo tsifar kitson da ta yi da hannunta, tana tsifa tana ƙunƙuni cewa an ɓata aiki mai kyau. Ta sa Inna gadin ƙofa. Kawu kuwa ta ce ya zuba hannayensa biyu a aljihu, kada ya fitar sai ta ce. Ta hau mayar da wayoyi, kowace raminta, tana magana da su kamar mai lallashin awaki. Gumi na ɗiga daga haɓarta. Da ta soka ta ƙarshe ta kunna, ƙaramar fitila ta kama. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Kai, ya koma muninsa."

A bayan babur ta rungume allon kamar jariri, duk ramin da Kawu ya faɗa sai ta ambaci sunan Allah. Ta isa ana kiran wanda ke gabanta.

Malamai suka zauna a jere. Aka ƙara ƙarfin wuta a hankali, na'urar ta yi ƙas, fitila ta mutu. Aka rage, ta yi ƙas, fitila ta dawo. Aka maimaita har suka gaji. Furofesa ya sunkuyo da tabaraunsa a kan hanci.

"Me ya sa wayoyinki duk suka nannaɗe haka?"

"Kitso aka tsefe musu, ranka ya daɗe."

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba. "Wannan taransifomar kuma ai ta girme ki."

"Ta kakana ce. Aro aka ba ni."

Ɗaliban da ke wurin sun rantse a ranar suka ga haƙorin Furofesa, har guda biyu. Ta ci.

Saura alkawari. Ta sayo sabuwar taransifoma ta mayar wa rediyon tasa, kuma tun da ta riga ta buɗe cikinsa sai ta duba ciwon da ya kwantar da shi. Ashe waya ɗaya ce ta tsinke a bayan lasifika. Ta ɗiga mata dalma. Rediyo ya yi gyaran murya ya kama labarai kamar jiya ya yi shiru. Kaka ta zauna a bakin gado ta rungume shi, ta share ido da gefen mayafi. Injiniya ta durƙusa gabanta ta ce, "Kaka, don girman Allah, kada ki faɗa wa kowa."

Kaka ba ta faɗa wa kowa ba. Ƙofar gida kawai ta fita da shi, ta ƙure murya.

Kafin la'asar layi ya kai bakin titi, kowa da gawarsa a hannu. Kawu ne a gaba, ya ɗauko fankarsa daga ɗakinta ya saɓa a kafaɗa.

"Kin ce sai gaba," in ji shi. "To ga gaban ta zo."

Yanzu haka Injiniya na neman aiki a tashar wuta mafi nisa da ta gani a taswira, inda ko tsuntsu sai ya yi guzuri. Kawu ya goyi bayan abin ɗari bisa ɗari. Har ya je tashar mota ya tambayo: motar can tana ɗaukar kaya.