Zomon da Rifkatu ta ci a Cusco

Jama'a, yau Yaya Bitrus ya yi mugunta!

Muna yawon buɗe ido a Cusco ta ƙasar Peru. Da rana ya sa aka kawo mana gasasshen nama, an yayyanka. Ya ce wa ƙanwarmu Rifkatu, "Zomo ne, ci abinki." Na karanta cewa ɓeran Masar suke gasawa a nan. Zan yi magana, ya take mini ƙafa.

Kun dai san ɓeran Masar ɗinta, Ɗanwake, wanda ta bar wa Mama a gidanmu na Lanham, a Amurka. A ɗakinta yake kwana!

Rifkatu ta cinye naman tas, har da ƙari.

Muka shiga tsohuwar majami'ar da Sifaniyawa suka gina bisa harsashin ginin Inka, mutanen da suka mulki ƙasar a da. Jagoranmu, wanda yake tare da mu tun wurin cin abinci, ya nuna zanen Jibin Ubangiji, wato cin abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa. A tsakiyar faranti ga ɓeran Masar, ƙafafu sama! Ya ce, "Irin wanda kuka ci ɗazu."

Rifkatu ta fita da gudu tana amai. Yaya yana ɗaukar bidiyo, yana dariya har da hawaye. Ya tura wa Mama.

Amsar Mama: "Ashe cinsa ake yi? Ni kuma ina nan ina ba shi karas a banza! Da wane yaji suka gasa?"